Yadda Za a Bi Diddigin Faɗuwar Tsoho Mai Ciwon Mantuwa da Wayar Hannu

Duk likitan da aka kai wa dattijon da ya faɗi, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: sau nawa ya faɗi a 'yan watannin nan, kuma yana cikin yin me? A nan ake fara kallon-kallo. Ɗan da ya kawo shi ya ce sau biyu, matar gida ta ce ai ya fi haka, jikan da ke kwana ɗakinsa ya tuno da wata ta tsakar dare da bai gaya wa kowa ba. Shi kuwa mai faɗuwar, in yana fama da ciwon mantuwa, wato gigin tsufa ko ruɗewa, yana iya rantsuwa bai taɓa faɗuwa ba. Ba ƙarya yake yi ba, abin ne ya goge masa. Sai likita ya yi aiki da ƙiyasi, a koma gida da maganin ciwon jiki, dalilin faɗuwar kuwa yana nan daram.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a kowace shekara, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfin arziki da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa a dalilinta. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa a shekara. Masu ciwon mantuwa, da yawansu ya haura miliyan 55 a duniya, suna faɗuwa kusan ninki biyu na tsaransu masu cikakken tunani.

Tunda tsohon ba zai iya riƙe labarin faɗuwarsa ba, mutanen gida ne za su riƙe masa. Wayar da ke hannun mai kula da shi ta isa wannan aiki, in an tsara shi. Agogo mai ƙararrawa da sauran na'urori suna da nasu amfani, za mu zo kansu, amma bayan an kafa wannan tushe.

Abin da ya sa suke yawan faɗuwa

Tafiya aikin ƙwaƙwalwa ce kafin ta zama aikin ƙafa. Ido ya auna nisa, jiki ya daidaita nauyinsa, hankali ya rabu tsakanin taku da amsa gaisuwa. Ciwon mantuwa yana taɓa duk waɗannan. Tsohuwa takan ga inuwa ko baƙin kafet ta ɗauka rami ne. Takan kasa gane bakin matakala. Takan manta da sandarta, ko ta manta ƙafarta ba ta ɗaukarta kamar da, ta miƙe zumbur don ta ji sallama.

A 2013 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi biyu a Kanada, inda kyamara ta ɗauki faɗuwa 227 ta mutum 130. Kashi 41 cikin 100 sun faru ne saboda nauyin jiki ya rinjayi mutum yayin da yake tafiya, ko juyawa, ko tashi, ko zama. Tuntuɓe ya ɗauki kashi 21, santsi kuwa kashi 3 kacal. Daɓen waɗancan gidaje ba irin na banɗakinmu mai gansakuka ba ne, amma darasin ya shafe mu: sanin wurin da mutum ya faɗi bai wadatar ba, sai an san abin da jikinsa yake ƙoƙarin yi a lokacin.

A fara daidaita baki kan mece ce faɗuwa

In ba a yi haka ba, kowa zai ƙirga tasa. Faɗuwa ita ce duk lokacin da mutum ya tsinci kansa a ƙasa, ko a wurin da ya fi inda yake ƙasa, ba da niyyarsa ba, ko ya ji ciwo ko bai ji ba. Wanda ya zame daga bakin gado ya faɗi. Wanda ya je zama ya kuskure kujera ya yi zaman daɓaro shi ma ya faɗi.

Akwai abin da ya keɓanta da gidajenmu. Tsofaffinmu da yawa a tabarma ko buzu suke zama, don haka ganin Inna a ƙasa ba ya nuna faɗuwa ta yi. Sai a ware iri uku, kowane da alamarsa:

- F: faɗuwar da wani ya gani ko ya ji ƙararta.
- Ƙ: an same shi a ƙasa a inda bai saba zama ba, ko a yanayin da ba na zama ba, kuma ba wanda ya ga yadda aka yi.
- S: saura kaɗan, wato ya yi tangaɗi ya dafa bango, ko wani ya tare shi.

Kada a raina ta ukun. Sau da yawa ita ce gargaɗin da ke zuwa kafin karaya.

Kafa tsarin

A buɗe zaure na musamman a WhatsApp, a sa masu kula da tsohon kawai: wadda ke wuni da shi, wanda ke kwana kusa da shi, mai kai shi asibiti, da ɗa ko 'yar da ke nesa mai bibiyar lamarin. Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ba a tura wa'azi, gayyatar biki ko gaisuwar Juma'a a ciki, domin ranar da ake neman bayani kada a yi ta tono. A duba a tabbata ba a kunna tsarin da ke goge saƙonni da kansa ba.

A naɗa mutum ɗaya mai riƙe da lissafi. Shi ne kowane mako zai saurari saƙonnin murya da aka turo zauren ya mayar da su rubutu, layi ɗaya ga kowace faɗuwa, a littafi ko a manhajar rubutu ta wayarsa. Saƙon murya yana da sauƙi ga wanda ba ya rubutun boko, amma ba ya ƙirguwa, kuma yana iya salwanta in waya ta lalace ko aka sace ta.

Sannan a saita ƙararrawar waya bayan sallar isha'i. In ta kaɗa, wanda ya wuni da tsohon ya tura saƙo ko da ba abin da ya faru: "Yau lafiya ƙalau." Wannan ɗan saƙo shi ne ƙashin bayan aikin. Shiru yana iya nufin ba a faɗi ba, yana kuma iya nufin an manta ko data ta ƙare. Tun 2005 wata haɗakar masana faɗuwar tsofaffi ta Turai ta ba da shawarar a riƙa rubutawa kullum, a tattara aƙalla duk wata, a bi abin da ya ɓace ta waya ko baki da baki, saboda ko mai lafiyayyen tunani yana manta faɗuwar da ya yi watanni baya.

Gidan da ba babbar waya, ƙarama ma ta yi. A rataye kalanda a ɗaki, a riƙa sa alama a kowace rana da boko ko da ajami, a kira mai lissafi duk lokacin da abu ya faru. Ma'aikatan lafiya da ke bin gidaje da yawa za su iya amfani da manhajar KoboCollect, wadda ke karɓar bayani ko ba intanet, ta tura shi in an samu sabis.

In ya faɗi, mutum ne farko, waya daga baya

Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ciccibe shi. Kada a yi. A durƙusa kusa da shi, a yi magana a natse: "Sannu Baba, tsaya tukuna, kada ka tashi. Ina ne yake maka ciwo?" Mai ciwon mantuwa ba lallai ya iya faɗin inda ke ciwo ba, don haka a kalli fuskarsa yayin da ake taɓa kai, wuya, kafaɗa, haƙarƙari da kwatangwalo. Yamutsa fuska, nishi, ko ture hannun mai dubawa duk amsa ce.

A nufi asibiti ba tare da jira ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi jijjiga;
- kansa ya bugu sannan ya yi amai, ko barci yana ta fizgarsa, ko ruɗewarsa ta wuce yadda aka saba;
- kansa ya bugu alhali yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel, ko da ya ce garau yake;
- baki ya karkace, magana ta sauya, ko ɓari ɗaya ya saki;
- ya kasa taka ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, wanda alama ce ta karayar kwatangwalo;
- ya kai awa ɗaya ko fiye a ƙasa.

In ana zargin wuya ko baya ya taɓu, kada a motsa shi sai da masu sani. Karayar kwatangwalo kuwa hoto take buƙata, galibi kuma aiki. Makonnin da za a ɓata ana ɗori a gida, tsoho yana kwance, su ne ke jawo gyambon kwanciya da ciwon huhu.

In ba ko ɗaya cikin waɗannan, a taimaka masa ya tashi da ƙarfin kansa. Ya juya gefe, ya yi rarrafe zuwa kujera mai ƙarfi, ya dafa ta da hannu biyu, ya kafa tafin ƙafa ɗaya a ƙasa, ya yunƙura ya juya ya zauna. Mai taimako ya tallafi ƙugu, kada ya ja hannu ko hammata, don kafaɗar tsoho ba ta da wuyar gocewa. A sa masa ido sosai kwana biyu. A kuma riƙe cewa jini yana iya taruwa a hankali a cikin kai, alamarsa ta fito bayan makonni: yawan barci, ciwon kai, sauyin tafiya, ƙarin ruɗewa. A irin wannan rana, saƙon da ke ɗauke da kwanan watan buguwar yana iya zama abin da zai sa likita ya tura a ɗauki hoton kai.

Abin da saƙon zai ƙunsa

Da zarar hankali ya kwanta, kafin a share wurin ko a gyara kaya, a ɗauki hoton inda abin ya faru. Sannan a yi saƙon murya da ke amsa waɗannan: rana da lokaci, wuri, me yake ƙoƙarin yi, wa ya gani, ta ina ya faɗi kuma me ya bugu, tsawon zamansa a ƙasa da yadda ya tashi, raunin da aka gani, haske, takalmi, sanda da tabarau, sai abin da ya gabata, kamar jiri, zazzaɓi, matsuwar fitsari, rashin cin abinci ko sabon magani. Ga misalin yadda zai kasance:

"Salamu alaikum Yaya. Yau Laraba, wajen biyar saura na asuba, Baba ya faɗi a bakin ƙofar banɗaki. Alwala ya tashi yi, ba wuta, bai ɗauki sanda ba, silifas ne a ƙafarsa. Ban ga faɗuwar ba, ƙarar buta na ji na fito, bai kai minti biyar a ƙasa ba. Ya dafa kujera ya tashi ina riƙe da shi. Gwiwar hagu ta ɗan kurje, na shafa kansa ban ji kumburi ba. Jiya da dare ne ya fara shan sabon maganin barcin nan. Ga hoton wurin na turo."

Bai kai minti ɗaya ba, amma akwai zare huɗu a ciki da za a iya ja: duhu, silifas, sandar da aka bari, da sabon magani.

Amsar da za a ba mai saƙon tana da nauyi ƙwarai. In suruka, ko 'yar aiki, ko jika ya faɗi gaskiya aka rufe shi da "kina ina har ya faɗi?", to an kashe tsarin, domin ta gaba ba za a ji ta ba. Babban gida ya faɗa a fili tun farko cewa ba mai laifi ake nema ba, dalili ake nema. "Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri" ita ce amsar da ke sa labari ya ci gaba da zuwa.

Faɗuwar da ba wanda ya gani

Tsoho yakan faɗi, ya lallaɓa ya tashi, ya manta. Lokacin wanka ko sauya kaya ne damar ganowa. A baƙar fata taruwar jini ba ta cika fitowa fili ba, don haka hannu ya fi ido: a shafa a ji kumburi, ɗumi, ko wurin da yake zabura in an taɓa. A lura da ƙasa a bayan riga, tabarau da ya karye, kujerar da ta goce daga mazauninta, ɗingishin da babu shi jiya, ko tsoron tashi da ya zo kwatsam. Duk wanda aka gani a tura shi da alamar Ƙ, a faɗi abin da aka gani kawai. Kada a tsare tsohon da tambayoyi, domin ba za su dawo masa da abin ba, sai dai su tayar masa da hankali.

Na'urorin da ke gano faɗuwa da kansu

A cikin kowace babbar waya akwai ma'aunin motsi, wanda ke juya fuskar waya in an kwantar da ita, yake kuma ƙirga taku. Da shi ake gano faɗuwa. Na'urar tana neman abu huɗu a jere: jiki ya yi ƙasa da sauri, ya daki wani abu, ya sauya daga tsaye zuwa kwance, sannan motsi ya tsaya. Kamfanin Apple ya sa wannan a agogonsa tun 2018. In ya ji faɗuwa mai ƙarfi yakan yi ƙara ya tambayi mai shi ko lafiya, in kuma kimanin minti ɗaya ya wuce ba motsi, sai ya kira lambar gaggawa ya tura wa 'yan uwa saƙo da inda mutum yake. Agogunan Samsung da Google ma suna da makamancin haka, akwai kuma ƙananan na'urori da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a ƙugu.

Sai dai mai saye ya san iyakarsu. Su kansu kamfanonin sun ce ba kowace faɗuwa agogon ke kamawa ba. A 2012 wasu masu bincike a Turai sun gwada dabaru 13 na gano faɗuwa a kan faɗuwa 29 ta gaske, sai matsakaicin abin da suka kama ya tsaya a kashi 57 cikin 100. An tsara yawancin dabarun ne da matasa masu faɗawa kan katifa da gangan, alhali tsoho sau da yawa sulalewa yake yi a jikin bango ko gado, ba tare da wata buguwa mai ƙarfi ba.

Na'ura mai maɓallin dannawa kuwa ba ta dace da mai mantuwa ba. Wani bincike da aka buga a 2008 kan waɗanda suka haura shekara 90 a Kambirij ta Ingila ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka faɗi sun taɓa kasa tashi, kashi 30 sun kai awa ɗaya ko fiye a ƙasa, kuma mafi yawan masu maɓallin ba su danna shi ba.

Wanda ke da hali ya yi niyyar saye, ya auna waɗannan:

- Ta kasance mai aiki da kanta, mai jure ruwa. In sai an cire ta don wanka da alwala, to an cire ta a daidai inda aka fi buƙatarta.
- A ɗora wa mutum ɗaya alhakin caji, a lokaci tsayayye da rana sa'ad da akwai mutane kusa da tsohon. A tanadi batirin ajiya saboda ɗaukewar wuta.
- Lambar farko ta zama ta wanda zai iso cikin mintuna, ko maƙwabci ne. Ɗan da ke Abuja ko Jidda ya zo a ta biyu. A Najeriya akwai lambar gaggawa ta 112, amma a ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa da zai amsa da dare.
- A gwada ta mako guda, a ga ko zama da ƙarfi, ko ruku'u da sujada, suna tayar da ita. Ƙararrawar da ta cika kukan banza, ranar gaskiya ba mai kula ta.
- Waya a aljihun babbar riga lilo take yi, ba ta bin motsin jiki. Ƙugu ya fi.
- In tsohon yana ta cire ta yana jin haushi, kada a tilasta masa.

Sau da yawa abin da ya fi arha ya fi aiki: fitila mai caji da ke kunna kanta in ta ji motsi, a sa ta tsakanin gado da banɗaki, da ƙaramar ƙararrawa a jikin ƙofa da za ta tashi mai kwana kusa. A kuma riƙe cewa na'ura ba ta hana faɗuwa. Daɗewa a ƙasa take ragewa, kuma duk faɗuwar da ta kama sai an bi ta da saƙon bayani kamar sauran.

Zaman ƙarshen wata

A nan ne wahalar ke biya. Mai lissafi ya jera abin da ya taru, a duba lokaci, wuri, aikin da ake yi, da abin da ya gabata. Abin da ya maimaitu shi ake bi.

In faɗuwar tana zuwa da dare ko asuba a hanyar banɗaki, a haskaka hanyar, a kwashe buta, tabarma da wayar caji daga kanta, a ajiye fo ko bokiti mai murfi kusa da gado. A gaya wa likita sau nawa yake tashi fitsari, domin wani maganin hawan jini yana ƙara fitsari kuma ana iya sauya lokacin shansa.

In tana zuwa da zarar ya miƙe daga kwance ko zaune, a zargi faɗuwar jini. A koya masa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin tsayuwa. In daga sujada ko zaman tahiya ne yake rinjaya, shari'a ta yi sauƙi ga wanda tsayuwa ke yi wa wuya, sai a ajiye masa kujera mai ƙarfi a wurin sallarsa.

In ta faro bayan sabon magani, a rubuta sunansa da ranar fara shi. Waɗanda aka fi sani da wannan su ne magungunan barci irin su Valium, da amitriptyline, da haloperidol da ake bayarwa don kwantar da ruɗewa, da Piriton da ake saye a kemis don mura. Maganin suga yana iya kayar da mutum in ya sha bai ci abinci ba. Donepezil, da ake ba masu mantuwa, yana iya rage bugun zuciya.

In tsakanin la'asar da isha'i take taruwa, lokacin ne ruɗewa ke ƙaruwa ga masu wannan ciwo da yawa, kuma lokacin ne mata ke kicin, maza suna masallaci. A kunna fitilu kafin duhu ya shiga, a ware wanda zai zauna da shi.

In wanda ya yi watanni lafiya ya faɗi sau biyu ko uku a mako guda, a nemi wata cuta a ƙarƙashi: ciwon sanyin mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a bazara da lokacin azumi. Tsoho yana iya ɗauke da cuta jikinsa bai yi zafi ba.

In wuri ɗaya ne kullum, wurin ne ke da magana: dokin ƙofa mai tsayi, tayil mai santsi, bakin leda da ya naɗe, masai na tsuguno da ba abin dafawa. In kuma tuntuɓe yake yi da rana tsaka, a kai shi a duba ido, don yanar ido tana gyaruwa da ƙaramin aiki. A duba tsawon riga ko zani, a maye silifas da takalmi mai kama diddige.

Awo biyu da za a iya yi a gida

Na farko da agogon ƙirga daƙiƙa na waya ake yi. A auna mita 3 daga kujera mai hannu, a sa alama. Tsohon ya tashi, ya taka zuwa alamar da saurin da ya saba, da sandarsa in yana riƙewa, ya juyo ya zauna, wani yana gefensa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗari. In ya kasa riƙe umarnin, a taka tare da shi. A yi duk wata, a ɗauki bidiyo, domin likitan gashin ƙashi zai karanta abubuwa da yawa a yadda yake juyawa.

Na biyu da na'urar awon jini. Ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko lambar ƙasa ta sauka da 10 ko fiye, ko ya ji jiri, a ɗauki hoton lambobin a kai wa likita.

Ranar asibiti

A tafi da taƙaitaccen bayani a shafi ɗaya: faɗuwa nawa, saura kaɗan nawa, a wane lokaci, da abin da aka ga yana maimaituwa. A zuba duk magungunan da yake sha a leda, na asibiti, na kemis da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in ana ba shi wani abu da dare don mutanen gida su samu barci, a faɗa. Ƙa'idojin duniya kan faɗuwar tsofaffi da aka fitar a 2022 sun sa mutum a sahun masu babban haɗari in ya faɗi sau biyu ko fiye a shekara, ko ya ji rauni, ko ya kasa tashi, ko ya suma, ko jikinsa ya yi laushi ƙwarai. Irin wannan cikakken bincike yake buƙata: zuciya, ido, ƙafa, magunguna, da motsa jikin da ke ƙarfafa ƙafa. Kada a dakatar da wani magani sai da izinin wanda ya rubuta shi.

Mutuncinsa

Mantuwa ba ta rage wa uba ko uwa daraja. A gaya masa abin da ake yi da kalmomi masu sauƙi, a maimaita in ya manta, in ya ƙi hoto a bari. Ba a sa kyamara a banɗaki. Ba a ɗaukar hoton tsiraici, ko don nuna rauni ne, sai a rufe jiki a bar wurin ciwon kaɗai. Bidiyon Hajiya tana tangaɗi ba ya fita daga wannan ƙaramin zaure zuwa na dangi, balle Facebook. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, kuma kunya da amana sun riga doka hana mu.

Babban kuskuren da tsoro ke jawowa shi ne a hana tsoho motsi: a kulle shi a ɗaki, a ɗaure shi a kujera, ko kullum "zauna, kada ka tashi". Ƙafar da ba ta takawa saurin mutuwa take yi, mai ita kuma ranar da ya yunƙura faɗuwarsa ta fi muni. Amfanin lissafin shi ne ya nuna sa'o'i da wuraren da ke da haɗari, a tsare su, a sakar masa sauran.

Bayan kowane gyara a ci gaba da saƙon dare, a rubuta ranar da aka sa fitila ko aka sauya magani, don a ga ko lissafin wata mai zuwa ya ragu. Ciwon mantuwa gaba yake yi, abin da ya yi aiki bana yana iya gazawa baɗi, kuma ba gidan da zai iya kawar da faɗuwa gaba ɗaya. Abin da za a auna nasara da shi uku ne: faɗuwar ta ragu, in ta faru an iso da wuri, kuma tsohon yana nan yana taka ƙafarsa zuwa tsakar gida da ƙofar gida kamar yadda ya saba.